Jan lallenta na farce ya yi, amma baƙin nan ya ƙona mana yarinya

Mai kunshin nan da amaren bara suka yi ta yayi, wadda ke bin gida-gida da 'yar jakarta ta goyo, ni ma dai na kira ta. Ba zan kama suna ba. Matan Gwale da Kabuga da Ɗorayi sun san wadda nake nufi, kuɗin aikinta ma kun san shi, ba sai na maimaita ba.

Zan fara da abin da ta iya, kada a ce ƙiyayya ce ta sa ni magana. A jan lallen farce hannunta daban ne. Ni ma'aikaciya ce, kullum ina waje, kuma na gaji da wahalar jan farce: ki shafa lokacin fashin salla, kafin ki gama jin daɗinsa kin nemi auduga kina gogewa saboda alwala, farcen ya bushe ya yi fari-fari. Farcen roba kuwa ko a biki ban yarda da shi ba, gam ɗin yana cin asalin farce, ga wanke-wanke ya gagara. Akwai wani jan farce da ake ta tallarsa a Instagram wai ruwa na ratsa shi, ni dai zuciyata ba ta kwanta in yi salla da shi ba. Shi lalle ba ya yin ɓawo a kan farce, rina shi kawai yake yi, ruwa ya taɓa ko'ina. Abin da ya hana 'yan mata da yawa son sa shi ne kowa iri ɗaya ake yi mata, a dulmiya kan yatsa gaba ɗaya irin na su Inna.

Ita ba haka take yi ba. Sai ta fara goge farcen da lemon tsami ta cire maiƙo, sannan ta manna salatif a kan tire ta dinga yanka shi da reza siri-siri, wani a lanƙwashe, wani a miƙe. A babban yatsa ta rufe gindin farcen, ya zamana in an cire za a ga farin jinjirin wata a ƙasa, sama duk ja. A manuniya da na tsakiya ta bar bakin farcen kawai, layi ɗaya siriri. A yatsan zobe ta raba farcen gida biyu a karkace. Ƙaramin ne kaɗai ta cike. Fatar gefe duk ta rufe ta, ko ɗigo bai taɓa ba. Garin lallen ta tankaɗe shi da ƙyallen mayafi, ta kwaɓa da lemon tsami da ɗan sukari da mahallabiya, ta ajiye ya tsumu kafin ta ɗora, ta naɗe min yatsu da leda. Zama na yi na gaske, tun bayan azahar sai da aka kira magariba. Da aka cire ruwan goro ne, har na fara ɓata rai, ta ce: "Anti, ki bar shi ya kwana, kada ki sa masa sabulu yau." Wanshekare kuwa ya koma ja mai duhu kamar zoɓon da aka jiƙa da kauri.

Gaskiya ya yi min amfani fiye da yadda na zata. Ya shiga da abayata ruwan toka, ya shiga da doguwar riga baƙa, har da wata Chiganvy mai kore da ruwan ɗorawa da na saya a Kantin Kwari na rasa yadda zan yi da ita saboda hayaniyar zanenta. Atamfa irin wannan in kika haɗa ta da fulawa har gwiwar hannu, ido ya rasa inda zai tsaya. Amma farce kawai, da zobe siriri ɗaya da agogo, ga mayafi mara ado, kin gama kwalliyar ofis. Kuma yana daɗewa. Farcen hannu kimanin milimita 3 yake tsirowa a wata, sai ya yi wata 4 zuwa 6 kafin ya sabunta gaba ɗaya, shi ya sa jinjirin watan nan dabara ce: yana girma a hankali, ba a gane tsiro ne, sai a ɗauka haka aka tsara shi.

Da a nan abin ya tsaya, da yabo kawai zan rubuta.

Ƙanwata tana zaune tana kallo, akwai walimar saukar ƙawarta a ƙarshen makon, ta ce ita baƙin fulawa take so a bayan hannu zuwa wuyan hannu. Umma tana tsakar gida, ta ɗago murya ta tambayi mai kunshin ko da dayis take haɗa baƙin nata, don ta sha jin labarin yaran da ya ƙona. Amsar da ta bayar a kunnen kowa: "Haba Hajiya, ni da dayis? Nawa na Indiya ne, ko jariri aka zana wa ba abin da zai same shi." Umma ta ce to shi ke nan, Allah ya yi albarka.

Ta zaro wata 'yar kwalba da babu rubutu a jikinta, ta zuba baƙin gari a murfin roba, ta ɗiga wani ruwa daga wata kwalbar ta daban ta motsa da tsinke. Warin da ya tashi ba na lalle ba ne ko kusa, warin shagon gyaran gashi ne. Ta ɗura a leda ta zana. Zanen kam, tubarkalla: ganye da fulawa sun zagaye wuyan hannu, reshe ɗaya ya gangara kan yatsan tsakiya. Ko rabin awa bai yi ba ta ce a wanke, ya fito baƙi wuluk yana sheƙi. Ta ɗauki hoto, ta karɓi kuɗinta, ta tafi. Yarinya ta je walima kowa na kama hannunta yana kallo.

Sai da mako ya zagayo sannan ta fara cewa, "Yaya, hannuna yana min ƙaiƙayi." Muka ɗauka sauro ne. Kafin gari ya waye zanen ya tashi, kowane ganye ya kumbura ya yi tudu daidai yadda aka zana shi, kana shafawa kana jin siffar fulawar da yatsa. Daga nan ƙananan ƙuraje masu ruwa suka jeru a kan layin, wasu suka haɗe suka zama bororo, suka fara fashewa. Da daddare ba barci, tana zaune tana hura hannu tana kuka, Umma na yi mata fifita. Yatsan tsakiyar ya kumbura har zoben azurfarta ya ƙi fita, sai da aka yanke shi. Yarinyar da ke shirin jarabawa, biro ma ya gagare ta riƙewa.

A asibiti likitar ko tambaya mai tsawo ba ta yi ba, tana gani ta ce baƙin lalle ne. Ta yi mana bayani, kuma ina so duk mai karanta wannan ta riƙe shi. Ganyen lalle ba ya bayar da baƙi; iyakarsa daga ruwan goro zuwa ja mai duhu, kuma sai ya ɗauki awanni kafin ya kama. Duk abin da ya yi baƙi cikin 'yan mintuna to rini ne, kuma yawanci sinadarin da ke cikinsa shi ne PPD, wanda ake sakawa a dayis na gashi. A Turai ma a rinin gashi kaɗai aka yarda da shi, da iyakar adadi, ba a yarda a zana shi a fata ba, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, kuma ta daɗe tana gargaɗi a kan baƙin lalle. Shi ya sa kwalin dayis ke cewa a gwada kaɗan a jira awa 48 kafin a shafa a kai. Wanda jikinsa bai taɓa haɗuwa da shi ba kan yi mako ɗaya ko biyu kafin abin ya bayyana, shi ne ya sa mutane ba sa danganta shi da kunshin. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne da ta ce da zarar jiki ya ƙi shi to ya ƙi shi ke nan, nan gaba ko rinin gashi ta shafa zai iya tayar mata, kuma karo na biyu ya fi saurin zuwa ya fi tsanani. Ta rubuta man shafawa da maganin ƙaiƙayi, ta ce kada a fasa bororon, kada a shafa man goge baki ko toka ko duk abin da maƙwabta za su kawo. Sun kuwa kawo.

Na kira mai kunshin ban da faɗa, wallahi a tsanake na yi mata magana, na tura mata hotuna a WhatsApp. Ta daɗe ba ta buɗe ba. Da ta tashi amsawa sai ga saƙon murya: "Ayya Anti, sannunku. Ai jininta ne bai karɓa ba, na yi wa amare sun fi a ƙirga ba wadda ta taɓa kawo ƙara." Na ce ba wannan na tambaye ta ba, Umma ta tambaye ki game da dayis kin ce babu. Ta ce ai kowa da shi yake yi, in ba a sa ba baƙin ba ya kamawa. Wato ta sani sarai. Ta dubi tsabar idon dattijuwa ta faɗa mata abin da ba shi ba don kada kuɗin hannu biyu ya wuce ta. Da ta ce eh akwai, amma mutane da yawa na yi lafiya, da mu ne za mu zaɓa, in ya so duk abin da ya biyo baya namu ne. Wannan ƙaryar ita ta tsaya min a rai, ta fi kuɗin asibitin ciwo.

Da niyyata in ce muku ku kira ta ku yi ja kawai ku bar baƙin. Amma ina rubutun nan abubuwa suna dawo min. Ranar da ta zo, ƙarfe goma muka yi da ita, sai bayan azahar ta shigo, babu ko kira, kuma ta nemi ƙarin kuɗin adaidaita wai daga Hotoro take. Na biya ban ce komai ba saboda aikin ya burge ni. Rezar da take yanka salatif tsohuwa ce daga cikin jaka, da ita kuma ta so ta kankare min gefen farce sai da na janye hannu na aika aka sayo sabuwa. Tsumman goge hannu guda ɗaya ne, ya sha lallen gidaje har ya sauya kala. Sannan da aka zo ƙafa ta zaro irin jan nan na leda mai kamawa nan take ta ce ya fi sauri, shi ma ai ba lalle ba ne zalla, launi ne aka haɗa, in ba haka ba me zai sa ya kama cikin minti goma? Na ce a'a, kwaɓaɓɓen nake so, ta yi tana cika tana batsewa.

Ga kuma hoton. Hannun ƙanwata yana nan a shafinta na Instagram har yanzu, ba ta tambayi kowa ba kafin ta ɗora, mata na ta yabo a ƙasa suna tambayar farashi. Wata 'yar'uwarmu ta rubuta a ƙarƙashinsa cewa hannun nan ya ƙone, ba a jima ba aka goge maganar, aka toshe ta. Na ce ta sauke hoton, ta ce to, shiru kake ji.

Saboda haka ko jan ma, in har sai kin kira ta, ki sayi garin lallenki da kanki, na Kasuwar Kurmi ko wanda aka daka a gida, kore mai ƙamshin ganye. Ki tanadi rezarki da salatif ɗinki da tsummanki, a kwaɓa a gabanki, jakarta kuma ta zauna a rufe. Ni kam ta gama shigowa gidanmu, Umma ta riga ta yanke wannan hukuncin kafin ni.

Hannun yarinyar ya bushe, alhamdu lillahi, amma fulawar tana nan, ta koma tabo mai duhu a kan fatarta, likita ta ce zai iya ɗaukar watanni kafin ya baje, kuma ta kiyaye shi daga rana. Rigunanta na atamfa masu guntun hannu duk an mayar wa tela ya ƙara musu yadi mai tattara har wuyan hannu, ya kuwa yi musu kyau, sai dai ba don ado aka yi ba. Bikin 'yar ƙanwar Umma na tafe bayan Salla, an riga an gaya wa uwar amarya ja za a yi wa kowa, 'yan matan amarya na ta ƙorafi wai hoto ba zai fito ba. 'Yar maƙwabciyarmu ta gwada yi min yankan salatif ɗin a ƙafa, jinjirin watan ya fito a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya. In akwai wadda ta san mai hannu irin wannan a cikin gari, wadda za ta yarda a kawo mata lalle ta yi aiki da shi, don Allah ta yi min hanya kafin bikin.