Hodar GA3: tana aiki sosai, amma wallahi ba taki ba ce

Toh ga masu tambaya ko hodar GA3 ɗin nan (wani nau'in jibaralin, sinadarin da ke sa shuka tsawo) da ake sayarwa a ƴan ƙananan fakiti ta gaske ce ko damfara, ni dai wadda ta zo hannuna tana aiki, aiki ma har ya so ya yi yawa, sai dai ina da ƙorafi a kan masu haɗa ta.

Fara ce fat, ba ta da wani wari, kuma abu na farko da zai ba ka haushi shi ne ba ta narkewa a ruwa kai tsaye, ka zuba ka yi ta juyawa tana nan tana yawo abinta, sai ka fara narkar da ita a ɗan sipirit kaɗan sannan ka ƙara ruwa, amma ko layi ɗaya ba su rubuta wannan a takardar ba. Kuma in ka haɗa ka yi amfani da shi nan kusa, don ruwan haɗin ba ya daɗewa ƙarfinsa ke raguwa, balle in ya sha zafi.

Gwajin da ya gamsar da ni na ƙwayar sha'ir ne. Na raba ƙwayoyin biyu da reza, na jefar da ɓangaren da idon tsiro yake, sauran rabin na kifa su a kan daskararren kunun sitaci a faranti biyu, ɗaya da ɗigon GA3 ɗaya babu. Da suka ɗan kwana na zuba ruwan aidin, wanda ke rina sitaci. Farantin da babu hoda ya rine baƙi-baƙi mai shuɗi kusan ko'ina, shi kuwa ɗayan kowace rabin ƙwaya ta yi wani zobe fes a kewayenta, wato an cinye sitacin wurin kenan. Dalili kuwa a ƙwaya mai rai idon tsiron ne ke fitar da sinadarin jibaralin, ya aika shi zuwa wani siririn bango da ke ƙarƙashin ɓawo mai suna alyuron, shi kuma ya saki wani enzayim, wato sinadari mai narkar da abinci, mai suna alfa amilez wanda ke farfasa sitaci ya koma sukari don jaririn tsiro ya samu abin ci kafin ganye ya fito. Ka cire idon, saƙo ya yanke, ka ɗiga hodar nan ta tsaya a madadinsa. Masana kimiyya Yomo a Japan da Paleg a Ostireliya ne suka nuna haka a 1960, kuma ganin abin da idonka daban yake da karanta shi gaskiya.

Na kuma fesa wa tsiron shinkafa da masara. Sun miƙe kam, sun zarce ƴan uwansu nesa ba kusa ba, amma sirara ne, ganyen ya koɗe, iska kaɗan sun kwanta. Akwai wani enzayim ɗin, invatez, da ke raba sukarin sukuros gida biyu, gulukos da furuktos, kuma aikinsa na ƙaruwa a wurin da kara ke tsawo, to shukar tana kwashe ajiyarta ne tana zubawa a tsayi, hodar ba ta kawo mata abinci ko ƙanƙani daga waje ba. Ai asalinta ma daga cuta aka gano ta, cutar bakanae ta shinkafa, wani masani ɗan Japan mai suna Kurosawa ne a 1926 ya nuna wata fumfuna ce ke fitar da abin da ke sa shukar ta yi zanƙalƙal ta faɗi. Don haka mai tallan da ke cewa zai ninka maka amfanin gona, hmm, a bar maganar kawai.

Alkamar da na gwada kuwa da ƙyar ta nuna an yi mata wani abu, ban kuma ɗora wa hodar laifi ba, don yawancin gajerun irin alkama na zamani da suka gaji gajarta daga Norin 10, wani gajeren irin alkama na Japan, ba sa jin jibaralin sosai.

Babban ƙorafina awo ne. Miligiram 1 a lita 1 shi ne ppm 1, wato kashi ɗaya cikin miliyan, aikin duk a wannan ƴan ƙananan lissafin yake, su kuma sun sako wani ɗan cokalin roba ba ko alama a jiki, ta yaya mutum zai auna miligiram da cokali don Allah? Dole sai da ƙaramin sikeli na dijital. Malamin kimiyya ko ɗalibi mai furojet zai more ta, fakiti ɗaya ma sai ya gaji da shi bai ƙare ba. Tauraro 4 na ba ta, ɗayan na riƙe saboda takardar bayani da cokalin nan.