Kadis, garin da mota ke zame wa baƙo kaya

'Yan uwa da ke tambayar yadda kudancin Sifaniya yake, ga bayanin Kadis, tsohon garin da Finikiyawa suka kafa a bakin Tekun Atlantika, wanda ake cewa ya kai shekara 3,000. Ruwa ya kusa kewaye shi, don haka ana shiga ne ta wani siririn tudu ko ta gada biyu: ta Karanza da kuma sabuwar da aka buɗe a 2015.

Daga birnin Sebiya hanya lafiya lau take, ba rami, ba shingen karɓar na goro, kuma tun farkon 2020 aka daina biyan kuɗin hanya a kan babban titin da ake kira AP-4. A dama ake tuƙi kamar gida. Matsala tana farawa ne da an wuce ƙofar ganuwa. Lungunan tsohon gari an yi su ne tun kafin mota, yawancinsu hanya ɗaya ce, wasu kuma na mazauna unguwa ne kaɗai. Taswirar waya za ta tura mutum lungun da sai ya naɗe madubi, bango ya goge fenti, kamfanin hayar mota ya cire kuɗin gyara daga ajiyar da ya riƙe a kati. Abin yi shi ne a sauke motar a garejin ƙarƙashin ƙasa, kamar na Kanalehas kusa da tashar jiragen ruwa, a ci gaba da ƙafa. Wurin da aka shata da shuɗin fenti a bakin titi na biya ne, a injin da ke gefe. A titi mai layi ɗaya gudu ba ya wuce kilomita 30. Ba a roƙon ɗan sanda a nan, takardar tara ce kawai za ta iso, amma wanda ya biya cikin kwana 20 ana yafe masa rabi. A gidan mai kuma sau da yawa kai za ka zuba da kanka, sai a duba da kyau: gasóleo dizal ne, gasolina fetur.

Abinci shi ne ya fi buƙatar lura. Na rana sai wajen ƙarfe 2, na dare daga 8 da rabi ko 9. Wanda ya zo da yunwa ƙarfe 6 zai tarar da kicin a rufe. Kifi ne arzikin garin, ana turbuɗa shi a fulawa a soya da man zaitun, a zuba a takarda kamar yadda mai ƙosai ke yi. Akwai tortillitas de camarones, siririyar waina mai ƙaras-ƙaras ta garin alkama da na wake da ƙananan jatan lande. Wajen Mayu da Yuni ake kama babban kifin tuna a garuruwan gaɓar, irin su Barbate, a nan ne ya fi daɗi. Sai dai naman alade yana ɓuya inda ba a zato: a romo, a cikin croquetas (wasu 'yan curi da ake soyawa), har a kayan zaƙi da ake yi da kitsensa, wato manteca. Wasu miya kuma da giyar Heres ake dafa su. A tambaya kai tsaye, masu hidimar ba sa jin haushi. Burodin da aka ajiye a tebur ba kyauta ba ne a wurare da yawa, yana fitowa a takardar kuɗi.

Babbar kasuwar garin ta burge ni fiye da komai: kowane kifi da farashinsa a rubuce bisa kilo, sikeli a gaban mai saye. Sai dai ba ciniki, ba gyara, wanda ya saba da Kasuwar Kurmi zai ji wani iri. A je da safe, kuma ban da Litinin, don masunta ba sa fita Lahadi.

Wuraren kallo duk ana kai musu da ƙafa: babban coci mai ƙubba ruwan zinariya, bakin ruwan La Kaleta, da hasumiyar Tabira, inda madubi ke hasko garin duka a kan farin faifai. Ana shiga kallon rukuni-rukuni, don haka a kama wuri tun da wuri. Ranar da iskar gabas ta taso, wadda suke kira Lebante, a haƙura da bakin teku, yashi ne zai cika ido.