Shekara 3 ina karatun wasan kwaikwayo da rawa, ga abin da na biya ga abin da na samu

Salam 'yan uwa. Tun da na sa hoton ranar sutnans ɗina, wato ranar kare aikin kammalawata, saƙo ke ta shigo min, yawanci 'yan mata ne da suka ci bak (jarrabawar gama sakandare) bana, wai da gaske akwai lisansi, wato digirin farko, na wasan kwaikwayo da rawa a Kamaru, kuma abin yana da amfani ko ɓata shekaru ne kawai. Amsa ɗaya bayan ɗaya ta yi min yawa shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, mai so ya karanta. Sunan makarantar da na yi ba zan faɗa ba, saboda akwai ƙorafi a cikin maganata kuma akwai malaman da suka yi min alherin da ba zan manta ba, ba na son abin ya koma tonon silili.

Ni 'yar Garwa ce, a nan aka haife ni a nan na yi lise, wato sakandare. Ranar da na faɗa a gida abin da nake son karanta, Baffa ya daɗe yana kallona sannan ya ce rawar ma sai an je jami'a? Inna ba ta ce komai ba, kuma shirun nata ya fi maganar Baffa yi min nauyi. Maƙwabta kuwa nan take suka yanke cewa Kano zan tafi in shiga fim. Yayana ne ya tsaya min, ya ce a bar ni in gwada shekara ɗaya, da sharaɗin shigata ba za ta canza ba kuma duk wasan da zai kai dare sai ya sani. A haka na tafi.

Maganar shiga da kuɗi tukuna don ita aka fi tambaya. Akwai reshen wasan dandamali da sinima a Jami'ar Yawunde ta 1, akwai makarantar fasaha ta Fumban da ke ƙarƙashin Jami'ar Dschang da ta Nkongsamba da ke ƙarƙashin Duwala, waɗannan biyun da konkur ake shiga, wato jarrabawar neman gurbi. Mu ma arewa yanzu ba kamar da ba, Jami'ar Marwa tun 2008 take, ta Garwa kuma an kafa ta a 2022, to ki riƙa bin sanarwar konkur ta kowace shekara, a nan ake rubuta reshen da aka buɗe da yawan gurabe. Lisansi shekara 3 ne, zango 6, kowane zango kiredi 30. Kuɗin jami'ar gwamnati jaka 50 ne a shekara, wato sefa dubu 50, ana iya biya kashi biyu. Amma dan Allah kar wannan ya ruɗe ki, ba shi ne kuɗin karatun ba. Ɗakin haya, fotokofi kusan kullum, ɗinkin kayan wasa, kuɗin moto zuwa wurin atisaye, da karo-karon da ake yi duk sanda za a ɗora wasa don sayen fenti da katako da hayar fitila, idan na haɗa abin da na kashe a shekara ta 3 kaɗai ya ninka kuɗin makarantar sau da yawa, kuma babu wanda ya faɗa min haka a farko.

Shekarar farko gaskiya na kusa komawa gida. Na zo da zumuɗin hawa dandamali sai na tarar da benci da biro, malam yana karanta takarda muna kwafa, tarihin wasan Girkawa, Aristotle, sannan Stanislavski na Rasha da Brecht na Jamus, duk da Faransanci mai nauyi. Ba wai ilimin ba shi da amfani ba, daga baya na ga amfaninsa, amma yadda ake bayar da shi ne matsalar, mutum kamar Stanislavski da duk koyarwarsa a kan yadda ɗan wasa zai ji abu a jikinsa ne, a ce wata 4 kana haddace shi a zaune ba ka tashi ka gwada ko sau ɗaya ba. Abin da ya riƙe ni a wannan shekarar ajin murya ne. An koya mana numfashi daga ciki ba daga ƙirji ba, yadda za ka yi magana ba ihu ba amma na bencin ƙarshe ya ji kowane harafi ba tare da makirfo ba. Ni da ko sallama na yi sai an ce in sake, wallahi wannan ajin shi kaɗai ya canza yadda nake tsayawa gaban mutane.

Yanzu babban ƙorafina, ɗakin rawa. Daɓen siminti ne tsurarsa. Wanda bai yi rawa ba zai ce to meye, amma ɗakin rawa na gaskiya katako ake shimfiɗawa da ɗan sarari a ƙarƙashi don idan ka yi tsalle ka diro ƙasan ta karɓi rabin nauyin, a kan siminti kuwa gwiwarka da idon sawunka da bayanka su ke shanye komai, awa 3 ƙafa ba takalmi, sau uku a sati. Kafin ƙarshen zango na biyu kusan kowa yana ɗaure da bandeji, wata ƙawata ta yi targaɗe mai tsanani kuma ko akwatin magani babu a wurin, mu muka ɗora ta a moto muka kai ta asibiti da kuɗinmu. Madubi guda ɗaya ne shi ma ya tsage. Wuta in ta ɗauke shikenan sai fitilar waya. Makaɗin da ke mana kiɗa dattijo ne mai hannu sosai, amma sai ya yi sati biyu bai zo ba don ba a biya shi ba, mu koma rawa da sipika, alhali duk wanda ya san rawar gargajiya ya san makaɗi da mai rawa hira suke yi, shi yana kallon ƙafarka yana amsa maka, sipika ba ta kallon kowa. Har yau in sanyi ya shigo gwiwata ta hagu tana tuna min da ɗakin nan, kuma raina yana ɓaci saboda ƙannen da ke can yanzu a kansa suke.

Duk da haka idan aka ce in sake zaɓe zan koma, kuma saboda mace ɗaya ce, malamar rawarmu. Ita ta fara nuna mana salon Germaine Acogny, matar nan da ta kafa makarantar rawa a Toubab Dialaw kusa da Dakar a Senegal, wanda komai nasa daga ƙashin baya yake tashi. Sati uku ba mu yi komai ba sai koyon tsayuwa da tafiya da yadda ake sakin baya ya yi motsi kamar igiyar ruwa. Tana sa mu san sunan kowace gaɓa da abin da take iya ɗauka, tana hana kowa fara rawa bai ɗumama jiki ba ko da ya makara. Sannan ta ce kowa ya kawo rawar gidansu ya koya wa aji. 'Yan ƙabilar Tupuri suka kawo rawarsu ta gurna, da dogayen sandunansu da da'irarsu, suka yi mana bayanin zaman da ake yi a sansani da shanu ana shan madara ana koyon waƙa, abin ya burge ni har na ji kishi. Da layi ya zo kaina sai na kawo wata rawa da na kwaso a YouTube. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce 'yata, wannan ta wasu ce, ke kakarki ba ta rawa? Na ce mu ai ba ma rawa. Ta ce je ki tambaya.

Da hutu na je wurin Goggo, yayar Baffa, na tambaye ta. Tsohuwar nan da na sani da carbi kawai sai ga ta ta miƙe ta ɗaura zane ta nuna min yadda suke gaɗa a dandali suna 'yan mata, tafi da faɗawa baya a cafe ka, ta kifa ƙwarya a ruwa ta yi min kiɗan ƙwarya, ta rera min waƙoƙin tashe da suke yi daga goma ga azumi. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba. Shekara 20 ina gida ɗaya da wannan dukiyar ban taɓa tambaya ba.

A nan kuma ƙorafi na biyu yake. A cikin zango 6 ɗin nan babu darasi ko ɗaya da ya taɓo wasannin Hausa. Ba tashe, ba wasan gauta da matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa, ba 'yan kama masu juya waƙar mutane su mai da ita ta abinci, alhali duk abin da ake koya mana na shiga rigar wani da sa mutane dariya don a gyara hali yana cikinsu. Laburaren ma ba komai a kai, sai da na roƙi wani ɗan uwa da ke karatu a Zariya ya riƙa ɗauko min hoton shafuka yana turowa. To in ke Bahaushiya ce ki sani, naki ba zai zo ya same ki a aji ba, ke za ki ɗauko shi ki kai.

Maganar shiga tunda iyaye ita suka fi tsoro: wando mai faɗi nake sawa da riga doguwa har gwiwa, in ɗaure ɗankwalina tamau, kuma tun ranar farko na faɗa wa malama ba na rawar da namiji zai riƙe ni. Ta ce ba damuwa, ta riƙa haɗa ni da mata. Amma wani malamin wasa ya taɓa rage min maki a kan haka, na kai ƙara ba a yi komai ba. Ki faɗi iyakarki da wuri kuma da ladabi, kar ki bari sai ranar jarrabawa. Azumi kuwa ba a ɗaga atisaye, sai dai mu roƙa a mai da shi safe.

Abin da ya fi komai daɗi shi ne sitaj, wato fita koyon aiki, na shekara ta 3. An koya mana hanyar Augusto Boal ɗan Barazil, inda ake wasa har a kai wurin da abu ya lalace sai a tsaya a ce wa 'yan kallo wa zai shigo ya gyara. Irin wannan wasan wayar da kai ba baƙo ba ne a ƙasar nan, tun 1984 aka yi babban taron horo a kansa a Kumba, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe tana yinsa a Samaru da ƙauyukan kewaye. Mu mun yi kwana 10 a wani ƙauye, kwana 6 na farko ba wasa, sai zama da mata a bakin rijiya da maza a gindin bishiya muna saurare. Wasan da muka haɗa a kan yarinyar da aka cire daga makaranta ne, da Fulatanci muka yi don shi kowa ke ji, ni ce uwar. Da muka tsaya sai wani dattijo ya ajiye sandarsa ya shigo fili ya karɓi matsayin uban, ya fara jayayya da ni da gaske, yana kawo hujjar kuɗin makaranta da nisan hanya da tsoron abin da zai sami yarinya a hanya, abubuwan da mu 'yan birni ba mu sa a wasan ba sam. Har magariba mutane ba su watse ba. Abin da na koya a wannan yammacin ya fi na zango guda a benci.

Aiki fa? Kar in yaudare ki, babu ofishin da ke jiranki da wannan takardar. Ni yanzu ina haɗa wa ƙungiyoyin agaji wasan faɗakarwa a kan kwalara da rigakafi idan sun kira, ina sa murya a wasan rediyo, sannan makarantu masu zaman kansu suna ɗaukata in shirya yara kafin bikin matasa na 11 ga Fabrairu. Wani watan da kuɗi wani watan babu. Cikin 'yan ajinmu wasu sun wuce masta, wasu sun koma kasuwa. In kina da wata sana'a a hannu, ɗinki ko kitso ko lalle, kar ki sake ta, ɗinkin ma zai yi miki amfani a kayan wasa.

In maki zan ba su, malamar rawa da ajin murya da sitaj 9 cikin 10, ɗakin rawa da kayan aiki 3, darussan benci 5. Wadda take nema don ta yi suna da sauri ko don ta ji an ce ba lissafi a ciki, ta haƙura, jiki zai gaya mata tun watan farko. Wadda kuma abin yake ranta, ta je da abin ɗaure gwiwa guda biyu, da man zafi, da littafin da za ta cika da abin da tsofaffin gidansu suka faɗa mata kafin ta tafi.

Aikin kammalawata a kan Ga Mairama ga Daudu na yi shi, wasan tashen 'yan mata da ake sa wa ɗaya kayan miji ɗaya kayan amarya ana yi mata gargaɗin zaman aure, sai na bar Mairama ita ma ta ba da amsa da rawa. Ban san Baffa zai zo ba, Yaya ne ya ɗauko shi, ya zauna can baya bai ko tafa ba. Da muka fito ina ta fargaba sai ya kira ni gefe ya ce akwai baiti ɗaya da na tsallake, wanda Goggo take yi suna yara, ya rage murya ya rera min shi a nan bakin ƙofa. Na rubuta shi a bayan takardar makina, azumi mai zuwa da shi za mu yi da yaran unguwarmu in Allah ya kai mu.