Adrestia da Jackdaw: dabarar yaƙinsu ba ɗaya ba ce

Ɗan'uwa, ka ce ka nutsar da babban jirgin yaƙi El Impoluto a wasan Assassin's Creed IV: Black Flag, amma manyan jiragen 'yan fashin teku na wasan Assassin's Creed Odyssey suna ragargaza maka jirginka Adrestia, kana tambaya ko dabarar da ta fisshe ka a can za ta fisshe ka a nan. Ba za ta yi ba, kuma albarushi ne ya raba su.

Jackdaw, jirgin Edward Kenway a wasan da Ubisoft ya fitar a 2013, yana yawo a tekun Karibiyan wajen shekarar 1715, lokacin da igwa ke mulkin teku, saboda haka rabin yaƙinsa nisa ne da lissafin kusurwa. La Dama Negra, alal misali, wani babban jirgin yaƙi irin El Impoluto, gefunanta sulke ne, sai ka zagaya bayanta kafin harbinka ya yi tasiri, kuma waɗannan manyan jirage ba a hawa kansu, nutsarwa kawai ake yi.

Adrestia kuwa na zamanin yaƙin Atina da Sparta ne, wanda ya ɓarke a 431 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma abin da ke hannun mutanenka kibau ne da masu da ƙahon da ke goshin jirgi. Wanda ya tsaya nesa yana ruwan kibau zai gaji bai yi wa babban jirgi komai ba. Abin da ke aiki shi ne ka kunna wa kibau wuta, ka sa mutanenka su duƙa daidai lokacin da harbin abokan gaba ya taso, sannan ka ƙara gudu ka soki jirgin a tsakiyar cikinsa. Idan ya raunana, zaɓi naka ne: ka tsaga shi biyu, ko ka tsallaka kansa da takobi ka kwashi ganima. Mataimaka huɗun da kake ɗauka ma suna ƙara wa jirgin ƙarfi, abin da 'yan wasa da yawa ke sakaci da shi.

A ganina na Black Flag sun fi wuya, domin kuskure ɗaya kan jawo a sake daga farko. Na Odyssey yawanci taron dangi ne ke kayar da mutum, don haka ka fara da ƙananan jiragen rakiya, kuma kafin ka tunkari The Hydra, wani babban abokin gaba da ake yaƙa a teku, ka zuba katako da ƙarfen da ka tara a kan ƙarfin jikin jirgi da ƙahonsa.