Firjin mota mai ɗaki ɗaya ko mai ɗaki biyu? Na kwana a daji da kowannensu

Wata kula ce ta ba ni kunya a Yankari har na shiga harkar firjin mota. A watan Maris ne, mun tashi daga Kano da asuba, na cika ta da ƙanƙarar da na saya a bakin titi, na jera naman rago da tumatir da robobin zoɓo a kai. Kafin mu kai Dindima mu karya kwanar shiga gandun, na fara jin ruwa yana kaɗawa a bayan mota. Washegari da hantsi na ɗaga murfi, sai ga nama yana iyo a ruwa ja, tumatir ya saki jiki, takardun jikin robobi duk sun ɓare. Uwargida ta leƙa, ta dube ni, ba ta ce uffan ba, ta je ta ɗauko gwangwanin kifi. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Da muka dawo na yi garaje na sayi wani akwati mai fanka da ake jonawa a soket ɗin sigari na mota. Araha ba ta ado. Irin wannan ba shi da kwamfuresa, wani ɗan faranti ne na lantarki a ciki, kuma iyakar ƙoƙarinsa ya sauke zafi da digiri 15 zuwa 20 daga zafin wurin da yake. A ƙasar da ake yin sanyi wannan ya wadatar. Mu da cikin mota ke haura digiri 40 a bazara, ruwan da zai ba ka ko na randa bai kai sanyi ba, ga shi yana zuƙar wuta ba hutawa. Yanzu yara ke zuba kayan wasa a cikinsa. Duk abin da zan faɗa daga nan a kan masu kwamfuresa ne, wato masu inji irin na firjin gida, sai dai suna aiki da wutar mota mai bolt 12 ko 24, suna kuma karɓar wutar gida.

Nawa mai lita 45 ne, ɗaki ɗaya, kuma shekara biyu ke nan ina jan sa. Wanda na gwada shi da shi na yayana ne, mai lita 75 da ɗaki biyu da murfi biyu, na are shi a tafiya biyu.

A wajen saye ake fara rikita mutum. Mai shago ya ce mini, "Alhaji, wannan ai firji ne kuma firiza ne, yana kai 20 ƙasa da sifili." Bai yi ƙarya ba, amma bai ƙarasa zancen ba. Mai ɗaki ɗaya yana iya zama firji, yana iya zama firiza, sai dai ba a lokaci guda ba. Lamba ɗaya kake saita masa, duk abin da ke ciki ita zai bi. Mai ɗaki biyu shi ne kowane ɓangare ke da ma'auninsa, ka sa ɗaya a digiri 4, ɗayan a 18 ƙasa da sifili. Na koyi wannan bambancin da ƙwai. Yara sun dame ni da son ƙanƙara, na sauke shi zuwa 8 ƙasa da sifili da daddare, na ce zuwa safe na mayar. Da gari ya waye ƙwai sun tsattsage, latas ya yi baƙi kamar an tafasa shi, kwalbar lemo ɗaya ta fashe. Ƙanƙarar kuwa ta yi, ba laifi, kofi shida.

To wannan ne ya sa na fara kwaɗayin na Yaya. Shi yana da dalilinsa mai ƙarfi: yana da ciwon suga, kuma allurar insulin tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye ta, idan ta daskare ta lalace. Ba zai iya wasan da na yi da ƙwai ba. Ɓangare ɗaya maganinsa da kayan miya, ɗayan nama da ƙanƙara, hankalinsa kwance.

Tafiyar farko da na yi da nasa Yankari muka koma, a Afrilu, lokacin da rana ke dukan mutum tun ƙarfe tara. Maganar gaskiya, ranar farko na ji daɗi. Mun fito daga Wikki, ruwan nan da ɗuminsa ba ya sauya daga wajen digiri 31 rani da damina, muka tarar da ƙanƙara tana jiranmu. Ka jefa ta a kofin zoɓo ka ji tana ƙara, a tsakiyar daji. Ƙaramar 'yata har askirim ta sha a rana ta biyu. Wanda bai taɓa yi ba zai ce shagwaɓa ce, ni dai na san abin da na ji.

Daren na biyu, wajen ƙarfe uku, na farka na ji shiru. Wanda ya saba kwana kusa da firji ya san ƙarar nan tasa mai tashi tana kwantawa. Babu ita. Na haska fitila na ga allonsa yana ƙifta alamar ƙarancin wuta. Batirin da na jona shi, irin na ruwa mai amfiya 100 wanda nake amfani da shi da nawa firjin, ya sauka har firjin ya kashe kansa.

A nan gizo ke saƙa, kuma a nan nake so mai niyyar saye ya tsaya ya yi lissafi. Firjina idan injinsa yana juyawa yana jan kamar wat 45, wato kusan amfiya 4 a kowace awa. Amma ba kullum yake juyawa ba, yana kai sanyin da ka saita sai ya tsaya. Na sa ɗan mita a jikin waya ina dubawa. A yanayi mai dama-dama, a digiri 4, yana aiki kamar sulusin lokaci, a yini da kwana ya ci amfiya 30 da 'yan kai. A zafin Afrilu yakan kai 45. Na Yaya, da ɓangaren firiza a 18 ƙasa da sifili, a wannan zafin ya haura 70. Dalilin a fili yake: idan waje yana 40, firji tazarar digiri 36 yake riƙewa, firiza kuwa tazarar 58, kuma zafi yana kutsawa ta bango gwargwadon girman tazarar. Ga shi akwatin ya fi faɗi. Sannan batirin ruwa, ko an rubuta masa 100, rabin kawai ya kamata ka ci idan kana so ya yi ƙarko. Amfiya 50 ke nan a hannunka. Nawa firjin yana kwana ya wuni a kan wannan, na Yaya ba ya kai labari sai an tayar da mota ko an shimfiɗa sola.

Abin da ya cece ni shi ne ban jona shi a batirin tayar da mota ba. Yawancin waɗannan firjin suna da matakin kare batir guda uku, na ƙasa da na tsakiya da na sama. Idan dole ta sa ka jona a batirin mota, ka sa shi a na sama, don ya mutu da wuri ya bar maka abin tashi. Gara ruwan ɗumi da neman masu tura mota a inda birai ne kawai maƙwabtanka. Birrai kuwa, tun da na ambace su: na Yankari sun san murfi. Na ga wani gwaggon biri ya zauna a kan but ɗin motar wasu baƙi yana bincike kamar ɗan kwastan. Firjin da ba shi da maƙulli mai ƙarfi, kada ka bar shi a waje.

Tafiya ta biyu Mambila muka hau a watan Disamba, ta Jalingo da Bali da Serti, muka bi hawan nan na bayan Mayo Selbe da ke sa kunne ya toshe. A can sama, wajen Nguroje da Gembu, tudun ya haura mita 1,500, dare kuma sanyi ne na bargo biyu. Firjin Yaya ya zama wani abu daban, da ƙyar kake jin ya tashi, batir ya wuni ya kwana bai ce komai ba. Sai dai a wannan sanyin wa ke neman ƙanƙara? Shayi muka yi ta sha. Nama kuma, a ƙasar shanu muke, kowace kasuwa an yanka. Na ɗauko kaji daskararru tun daga Kano, na hau da su dutse, na sauko da rabinsu.

Wannan ya sa na zauna na tambayi kaina me nake daskarewa, kuma don me. Masu ƙera waɗannan manyan firjin suna tunanin mutumin Ostireliya ne ko Afirka ta Kudu, wanda zai shiga sahara ko daji ya yi mako biyu bai ga kasuwa ba. Mu a inda muke iya kafa tanti yanzu, da yadda tsaro ya taƙaita mu ga wurare masu masu gadi, da wuya ka yi tafiyar awa ɗaya ba ka iske mahauci ba. Muna da kilishi da dambun nama da ba su san firji ba. Abin da muke nema da gaske ruwan sanyi ne, da inda za a ajiye nono da fura, da kunun aya wanda rabin yini ke isa ya juya, da kayan miya, da magani. Duk wannan aikin digiri 4 ne.

Akwai kuma nauyi da wuri. Nawa ba komai a ciki kilo 18 ne ko kusa da haka, ni kaɗai nake ɗaga shi. Na Yaya ya doshi kilo 30 tun kafin a sa masa ko lemo ɗaya, idan ya cika sai mutum biyu. Ya cinye fiye da rabin but, tanti da tabarmi suka koma kan cinyar yara. Lita 75 ɗin ma rabawa aka yi, ɓangaren da muke buɗewa kullum bai fi nawa girma ba.

Dabarar da na koma yi da mai ɗaki ɗaya ba wata mai wuya ba ce. Nama nakan yanka shi, in raba a leda gwargwadon girkin rana ɗaya, in baje shi fale-fale, ya kwana biyu a firizar gida har ya zama dutse. Haka robobin ruwa huɗu. Su nake shimfiɗawa a ƙasan firjin, inda ya fi sanyi, in ɗora kwali a kai, sannan tumatir da ƙwai a sama. A digiri 2 ko 3, naman yana kai rana ta uku da sauran ƙanƙara a tsakiyarsa, kuma shi da robobin suna taya injin aiki. Daren tafiya nakan jona firjin a wutar gida ya yi sanyi tukuna, don kada batir ya sha wahalar farko. Lemon yara kuma na mayar da shi tsohuwar kular nan, saboda buɗe-rufe ashirin a yini shi ke kashe wuta. A inuwa nake ajiye shi, da rigarsa, kuma ba na yarda a jingina jaka a jikin ragar da yake fitar da zafi.

Laifin nawa firjin, ban da rashin ƙanƙara, filoginsa ne. Wanda ya zo da shi na soket ɗin sigari ne, a hanya mai gargada yakan zame ba ka sani ba. Sau ɗaya mun yi awa huɗu muna tafiya ashe a kashe yake. Na kai wa mai rewayarmu, ya juya filogin a hannu ya ce, "Alhaji, wannan ai na cajin waya ne. Siririyar waya ma kafin wuta ta iso baya ta rage, firjin ya ɗauka batir ne ya mutu." Ya ja waya mai kauri daga batir, ya sa fis mai amfiya 15 a kusa da kansa, ya ɗaura filogi mai kamawa. Tun ranar bai sake mutuwa a hanya ba. Lambar da allonsa ke nunawa ma ba ta cika gaskiya ba, na sa ma'aunin zafi na daban a tsakiya na ga bambancin digiri biyu, sai nake saitawa da wannan a raina.

Mai ɗaki biyu yana da mutanensa. Wanda ke ɗauke da magani kamar Yaya kuma yana son daskararren nama, ko mai shiga can cikin gandun dajin Gashaka Gumti na mako guda da tawaga, ko mai zuwa kamun kifi da ke son ya dawo da shi gida lafiya, shi kam kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Amma ya sani ba firji kaɗai zai saya ba, sai ya haɗa da babban batir da sola mai wat 200 ko fiye, in ba haka ba ya sayi akwati mai tsada ne kawai.

Na mayar wa Yaya da nasa, na wanke shi tas, na haɗa masa da zumar Mambila. Kuɗin da na tara da niyyar sayen irinsa na sayi batirin litiyam mai amfiya 100, wanda ake iya cin kusan 90 daga cikinsa kuma bai kai rabin nauyin na ruwa ba, da sola mai naɗewa. Tafiyarmu ta ƙarshe kwana uku muka yi ban tayar da mota don firji ko sau ɗaya ba. Ƙaramar dai har yanzu in an fara loda kaya sai ta tambaya ko da firjin Baffa za a tafi.