Takardar da na rubuta wa malama a Svalbard

Jama'a ina gaisuwa daga inda rana ta faɗi tun ƙarshen Oktoba kuma ba za ta leƙo ba sai Fabrairu, wato Longyearbyen a tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, inda na zo yin zango ɗaya a cibiyar jami'a ta UNIS, karatun yanayin ƙuryar arewacin duniya. Sanyi kam ba sai na faɗa ba. Lokutan sallah ma da agogon Makka nake bi tunda ba fitowar rana ba faɗuwarta.

Abin da ya sa na ɗauko waya shi ne kunyar da na sha a sati na biyu. An ba mu aiki kan yadda iska mai sanyi ke kwanciya a ƙasan kwarin Adventdalen mai ɗumi na samanta, irin dai abin da ke sa hayaƙin murhu ya tsaya cak bisa gari da asubar hunturu. Ina buƙatar tsoffin alƙaluman zafi da sanyi, sai na zauna na tsara takardar roƙo irin tamu, da "ranki ya daɗe" da komai, na sa hannu, na kai wa malamar har da ɗan rusunawa, na kuma tambayi nawa za a biya. Matar nan ta karanta ta dube ni, wallahi ta ɗauka wasa nake. Sai ta juyo kwamfutarta ta buɗe shafin hukumar yanayi ta Norwe, cikin minti biyar ga awon sama da shekara 100 ya sauka, kyauta, ba fom ba sitamfi ba wanda ya ce in ga oga. Ko kai da ke zaune a Funtuwa in kana da data za ka iya saukewa.

Ni kuwa sai na tuna lokacin furojet ɗina na digirin farko, sati uku ina sintiri a wani ofis don awon ruwan sama na shekara 10 kacal, yau oga ya tafi ta'aziyya, gobe mai makullin kabad bai zo ba, jibi a ce sai na kawo takarda daga shugaban sashe, ƙarshe na biya kuɗi aka miƙo min fotokwafi da damina biyu babu su a ciki. Haba jama'a! awon ruwan sama fa, ba wani laƙanin asiri ba. Mu da cinmu da shanmu ke rataye da damina mu ne muke kulle shi a kabad gara na ci, su da ko bishiya ɗaya ba ta tsiro a tsibirinsu sun baza wa duniya. Kuma da shi ake ganin abin tsoro, ƙuryar arewacin duniya na ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya, a Yulin 2020 zafi ya kai digiri 21.7 a garin nan, tekun da ke gabanmu da a da yake daskarewa yanzu da wuya ya yi.

Ba wai komai daɗi ba ne fa. Babban kanti ɗaya ne a garin, tumatir ɗinsu ƙato amma salam kamar ruwa, tattasai a leda ɗaiɗai da kuɗin da zai cika maka kwando a 'Yankaba, kuma ko yaji babu. Ba ka fita bayan gari sai da bindiga saboda farin beyar, sai da aka koya mana harbi kafin a bar mu mu je duba na'urori. Abu ɗaya da ya yi min kamar gida shi ne cire takalmi a ƙofa, har a jami'a, al'ada ce tun zamanin masu haƙar kwal.

Yajin da Inna ta ɗaura min saura kaɗan a gwangwani, da ƙaramin cokali nake aunawa yanzu. Wanda ya san mai tahowa Oslo ya yi min magana don Allah.