Tuƙa keke gaba ko tare feda: wanne ya fi gina ƙafa?

Mai tuƙa keke daga Birni zuwa Zango a Damagaram, naman cinyarsa takurewa yake yi duk taki ɗaya, shi ya sa haki ke zuwa da wuri. Zuciya da huhu ne ke cin riba.

Akwai kuma keken asibiti da inji ke juya fedarsa baya, aikinka ka tare ta. Nan naman yana miƙewa ne da nauyi a kansa, kamar mai saukowa daga duwatsun Damagaram yana taka birki da gwiwa. Tun 1952 aka gwada a Landan da kekuna biyu haɗe da sarƙa ɗaya: mai tarewa bai kai mai tuƙawa buƙatar iska ba ko kusa. Dalili shi ne a wajen tarewa, jijiyoyi zaruruwan nama kaɗan suke tasarwa, kowanne ya ɗauki kaya mai yawa, ƙwaƙwalwa kuma ta ƙara sa ido.

Illar tarewar ita ce tsamin jiki, mai tsananta bayan kwana ɗaya zuwa uku, amma yana raguwa a karo na gaba. Ga dattijo mai ciwon zuciya ko huhu da ƙafa ta yi rauni, tarewar na fi so, a fara kaɗan-kaɗan bisa shawarar likita.